Taurari Masu Gautsi da Taurarin Kwando

Teku babban ruwa ne mai gishiri, wanda ya rufe fiye da kashi biyu cikin uku na bayan duniya. Yawancin mutane in an ambaci abin da ke cikin teku, kifi kaɗai ke faɗo musu a rai. Amma a can ƙasa, bisa yashi da laka da duwatsun ƙarƙashin ruwa, akwai halittu masu ɗimbin yawa waɗanda ba kifi ba ne. Ba su da kai, ba su da wutsiya, ba su ma da gaba ko baya. Daga cikinsu akwai masu hannuwa biyar, waɗanda in an shimfiɗa su sai su yi kama da zanen tauraro. Wannan darasi a kan iri biyu ne daga cikinsu, watau taurari masu gautsi da taurarin kwando.

Ba a samunsu a Kwara, ko Binuwai, ko Tafkin Chadi, domin ba su rayuwa cikin ruwan daɗi. Amma babu tekun da ba su ciki, har da tekun Atlantika wanda ya yi iyaka da Nijeriya ta kudu. Sunayen nan biyu kuwa daga halinsu da siffarsu aka ɗauko su, kamar yadda za a gani a gaba.

Danginsu

Masana halitta ba su barin dabbobi a cakuɗe. Su kan rarraba su kamar yadda a ke rarraba mutane. Kowane mutum yana da ƙasarsu, cikin ƙasar yana da garinsu, cikin garin yana da unguwarsu, cikin unguwar kuma yana da gidansu. Haka nan kowane irin dabba.

Ƙasar da taurarin nan ke ciki ita ce ta masu ƙayar fata, watau dabbobin teku waɗanda ke da ƙananan ƙasusuwa cikin fatarsu, galibi da ƙayoyi a kai. Wannan ƙasa garuruwa biyar gare ta. Na ɗaya shi ne na taurarin teku masu kaurin hannu. Na biyu na bushiyar teku, wadda ta ke a dunƙule, ƙaya ko'ina. Na uku na gurjin teku, dogo mai taushi, kullum kwance. Na huɗu na badon teku, wanda in ka gan shi sai ka ce fure ne, alhali kuwa dabba ce. Na biyar shi ne garin masu gautsi da taurarin kwando, shi ne kuwa ya fi kowanne yawan iri. An riga an ƙirga iri fiye da 2,000 masu rai a cikinsa.

Da harshen masana sunan wannan gari Ophiuroidea. Kalmar daga harshen Girka ta fito, ma'anarta kuwa mai kama da wutsiyar maciji. Wani masani a London, John Edward Gray, shi ya raɗa sunan a 1840.

Siffar mai gautsi

Jikin mai gautsi kashi biyu ne, faifai da hannuwa. Faifan shi ne tsakiya, ɗan kewayayye, galibi bai fi marfin kwalba faɗi ba. Tumbi da sauran kayan ciki duk a nan su ke. Hannuwan kuwa sirara ne dogaye, sun fito daga gefen faifan. A nan ne ya bambanta da tauraron teku mai kaurin hannu. Shi wancan hannuwansa sun saje da jikinsa, ba a gane inda jiki ya ƙare hannu ya soma. Amma ga mai gautsi iyakar a fili ta ke.

Cikin kowane hannu akwai ƙananan ƙasusuwa a jere, kamar duwatsun wuya a zare, ko kuwa ƙashin bayan maciji. Abin da aka yi ƙasusuwan da shi iri ɗaya ne da na ɓawon ƙwai da na wuri. Daga waje kuma an lulluɓe hannun da 'yan faranti masu tauri, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, biyu a gefe. Na gefen su ke ɗauke da ƙayoyi.

Bakinsa a ƙarƙashin faifai ya ke, yana fuskantar ƙasa, da muƙamuƙai biyar kewaye da shi. Ba shi da wata mafita sai bakin, saboda haka abin da ya ci bai narke ba ta nan ya ke fitowa. Ba shi da ido, ba shi da ƙwaƙwalwa. Sai dai akwai jijiya wadda ta kewaye bakin kamar zobe, ta aika da reshe cikin kowane hannu. A ƙarƙashin hannuwan akwai 'yan ƙafafu masu taushi, da su ya ke lalube, ya ji ƙanshin abinci, ya miƙa shi daga wannan ƙafa zuwa waccan har ya kai baki.

Tafiyarsa abin kallo ce. Ya kan miƙa hannu ɗaya gaba, sauran huɗun kuwa, biyu dama biyu hagun, su riƙa tura shi kamar filafilan kwalekwale. In yana so ya sake hanya ba ya juyawa. Sai kurum ya mai da wani hannu ya zama na gaba, ya nufi inda wannan ya nuna.

To, me ya sa a ke ce masa mai gautsi? In kifi ko ƙaguwa ta cafke hannunsa, ba ya tsayawa kokawa. Nan take sai ya saki hannun ya karye, ya bar maƙiyin da guntu, shi kuwa ya shige ƙarƙashin dutse. Haka tsaka kan yi da wutsiyarta in an kama ta. Bayan 'yan makonni ko watanni wani sabon hannu ya tsiro a gurbin wancan. Shi ya sa da wuya masunta su fito da shi cikin taru hannuwansa biyar duk cif.

Tauraron kwando

Tauraron kwando shi ma faifai gare shi, hannuwa biyar kuma suka fito daga jikinsa. Amma ba su yin nisa sai kowane hannu ya rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu, haka haka har rassan su zama dubbai, sirara kamar zare. Jikinsa duka fata ce mai kauri ta rufe shi, ba a ganin faranti. Manyansu in sun baje faɗinsu ya kan kai mita ɗaya.

Da rana ya kan naɗe rassansa ya dunƙule, sai ka ce tarin saiwoyi. In dare ya yi sai ya hau kan dutse ko murjani, watau wata halittar teku mai rassa kamar itace. Ya riƙe murjanin da waɗansu hannuwa, ya buɗe sauran kamar kwando, ya fuskanci inda ruwa ke gudowa. Ruwan yana ɗauke da ƙananan halittu, dangin jatan lande da 'ya'yan kifi. Duk wanda ya taɓa reshe sai reshen ya kanannaɗe shi, 'yan ƙugiyoyin da ke jikin reshen su riƙe shi gam. In abinci ya taru, sai ya lanƙwaso hannun zuwa baki ya sharce.

A 1670 aka buga labarin wani tauraron kwando da wani masunci ya kamo a gaɓar Amurka ta wajen arewa maso gabas. John Winthrop, gwamnan Konetikat, ya aika da shi London wurin ƙungiyar masana. A lokacin kifi suka ɗauke shi. Aka bi rassansa ana ninkawa, 5, 10, 20, 40, 80, har lissafinsu ya kai 81,920. Daga nan rassan suka yi ƙanƙanta, ba a iya binsu. Gidan da ya fi shahara cikin taurarin kwando an sa masa sunan wata dodanniya ta tatsuniyar Girkawa, Gorgon, wadda aka ce gashin kanta duk macizai ne.

Inda su ke zaune

Ana samun waɗannan dabbobi tun daga bakin teku, inda yaro zai iya ɗaga dutse ya gan su, har zuwa zurfin da ya wuce mita 6,000, inda hasken rana bai taɓa kai ba. Fiye da rabin irinsu a ruwa mai zurfi su ke. Wurin da ya fi yawan iri shi ne inda tekun Indiya ya haɗu da tekun Pasifik, can an sami iri fiye da 800. Tekun ƙanƙara na ƙuryar arewacin duniya shi ne mafi ƙaranci, irin da ke can ba su kai 100 ba.

A da masana da yawa sun yi tsammani babu mai rai a ƙasan teku mai zurfi. A 1843 wani masani, Edward Forbes, ya ce in an wuce gaba 300 rai ya ƙare. Amma a 1860 wani jirgin Ingila mai suna Bulldog ya fita awon tekun Atlantika ta arewa, domin a san inda za a shimfiɗa wayar tangaraho. Suka saki igiyar awo har gaba 1,260, watau fiye da mita 2,000. Da suka jawo ta, sai ga masu gautsi 13 manne da ita. Wannan yana cikin abubuwan da suka sa aka sake tunani.

Kowane iri da hanyar cin abincinsa da ta zamansa. Akwai waɗanda ke binne faifansu cikin laka, su miƙo kan hannuwansu sama suna tsintar abin da ruwa ya kawo. Kifaye kan bi suna gatsar hannuwan kamar yadda awaki ke cin toho, hannuwan kuma su sake tsirowa.

Akwai masu zama jama'a. A tekun da ya kewaye Ingila akwai wuraren da a kan sami har 2,000 cikin fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, kowa ya riƙe ɗan'uwansa don kada ruwa ya tafi da su. A 2008 kuma masu bincike suka tarar da miliyoyinsu sun rufe kan wani dutse na ƙarƙashin ruwa a kudu da ƙasar Niyu Zilan.

Akwai wani kore babba a tekun Pasifik da na Indiya, shi mafarauci ne. Da dare ya kan ɗaga faifansa sama, ya tsaya bisa hannuwansa, ƙarƙashinsa ya zama kamar ɗan kogo. In ƙaramin kifi ya shiga don ya ɓuya, sai ya murɗa jikinsa, hannuwan su rufe kifin kamar keji.

Akwai wani a tekun Karibiyan wanda ke sake launi, da rana ja mai duhu, da dare fari-fari mai ratsi. Ko da ya ke ba shi da ido, fatar hannuwansa tana jin haske, har ya kan gane inda inuwa ta ke ya nufe ta. Waɗansu kuma, fiye da iri 60, in an taɓa su cikin duhu sai su ba da haske, galibi kore.

Wajen haihuwa ma sun bambanta. Yawancinsu su kan saki ƙwai cikin ruwa, 'ya'yan su yi ta yawo kwana da kwanaki kafin su sauka ƙasa. Amma akwai wani ɗan ƙarami, faifansa bai fi ƙwayar wake ba, wanda ke renon 'ya'yansa cikin waɗansu aljifai na jikinsa, sai sun yi hannuwa sa'an nan su fito. Akwai kuma masu hannuwa shida da ke zama cikin soson teku. Su kan tsage biyu ta tsakiya, kowane rabi ya tafi da hannuwa uku, ya tsiro da sauran ukun, ɗaya ya zama biyu ke nan.

Yadda aka rarraba su

Rarraba iri 2,000 gida-gida ba aikin rana ɗaya ba ne. A 1758 Linnaeus, masanin nan na ƙasar Suwidin wanda ya tsara hanyar ba halittu suna, ya haɗa su duka wuri ɗaya da taurari masu kaurin hannu, domin ya ga duk siffar tauraro gare su. A 1801 Lamarck, mutumin Faransa, ya ware masu gautsi dabam. Daga 1872 zuwa 1876 wani jirgin bincike na Ingila, Challenger, ya kewaye duniya yana yasar ƙasan teku, ya komo da iri masu yawa da ba a taɓa gani ba. Wani Ba'amurke, Theodore Lyman, ya zauna ya duba su, ya fitar da bayaninsu a 1882.

Shekaru da yawa yawancin littattafai sun raba garin unguwa biyu manya. Ta fari Ophiurida, unguwar masu gautsi, masu faranti a hannu, waɗanda hannuwansu ke kaɗawa dama da hagun. Ta biyu Euryalida, unguwar taurarin kwando, masu fata mai kauri, waɗanda hannuwansu ke naɗewa sama da ƙasa. Wannan ta biyu ƙarama ce, gidaje uku ke cikinta. In an tara iri goma na garin duka, da ƙyar ɗaya zai zama nata.

A nan akwai abin lura. Ba duk 'yan unguwar kwando ke da rassa ba. Waɗansu hannuwansu biyar ne miƙaƙƙu, dogaye ƙwarai, su kan nannaɗe su a jikin murjani kamar yadda maciji ke nannaɗe reshe. Akwai ma irin da ke hawa murjani ɗaya tun yana ƙarami, su girma tare, ba ya sauka har mutuwa. Wanda ya dubi irin waɗannan daga nesa zai ce masu gautsi ne. Amma da masana suka duba mahaɗar ƙasusuwan hannunsu, sai suka ga irin ta taurarin kwando ce. Ashe rassa ba su ne shaida ba, shaidar tana ciki.

A zamanin nan an sami wata hanya da ta fi duban ido. Cikin jikin kowane mai rai akwai ƙwayoyin gado, waɗanda ke ɗauke da abin da ya gada daga iyaye da kakanni. In an gwada na dabbobi biyu, a kan gane kusancin zumuncinsu. A 2017 Tim O'Hara, na gidan adana kayan halitta da ke birnin Melbon a Ostareliya, da abokan aikinsa, cikinsu har da Sabine Stöhr ta birnin Istokholm, suka fitar da sakamakon gwada ƙwayoyin gadon ɗaruruwan iri. A 2018 suka bayyana sabon tsari, unguwa shida, gidaje 33.

Unguwar kwando ta tsaya yadda ta ke. Tsohuwar unguwar masu gautsi kuwa ta rabu biyar. Abin mamaki, ɗaya daga cikin biyar ɗin ta fi kusa da taurarin kwando bisa ga sauran huɗun da ta yi kama da su. Watau tauraron kwando ba baƙo ba ne a garin, shi ma mai gautsi ne wanda kakanninsa suka ɗauki wata hanyar neman abinci, siffarsu ta sake. Da aka koma aka duba farantin gefen hannu da gurbin ƙayoyi da madubin nan mai ƙara girman abu, sai aka ga su ma sun goyi bayan sabon tsarin. Gaskiyar Hausawa da suka ce, kama da Wane ba ta Wane.

Har yanzu kuwa aikin bai ƙare ba. A 2011 aka kamo wani a zurfin wajen mita 500, kusa da tsibirin Sabuwar Kaledoniya a tekun Pasifik. Hannuwansa takwas, muƙamuƙansa cike da haƙora masu tsini. Aka nemi gidan da za a sa shi aka rasa. A 2021 aka raɗa masa suna Ophiojura, aka buɗe masa gida nasa shi kaɗai. Masana sun ƙiyasta zuriyarsa ta rabu da sauran tun shekaru wajen miliyan 180. Garin kansa ya fi haka daɗewa, domin an sami ƙasusuwan kakanninsu cikin duwatsu masu shekaru wajen miliyan 480.

Amfanin saninsu

Wani zai ce, ina amfanin wannan wahala a kan abin da ba a ci, ba a sayarwa? Amfanin yana da yawa. Kifaye da ƙaguwa suna cinsu, mutane kuma suna cin kifayen. Suna tsince mushe da dattin da ya sauka ƙasan teku, suna motsa laka kamar yadda tana ke motsa ƙasar gona.

Ban da wannan, tun da ya ke suna cikin kowane teku da kowane zurfi, masana sun mai da su ma'auni. In sun ƙirga irinsu a wurare dabam-dabam, sai su gane inda ƙasan teku ya fi wadatar halitta. Ta haka aka gane cewa a ruwa mara zurfi wuraren zafi suka fi yawan iri, amma a can ƙasa mai zurfi wuraren da suka fi su ne masu sanyi-sanyi, inda abinci ya fi saukowa daga sama.

Ana bukatar wannan sani, domin mutum ya soma taɓa ƙasan teku. Manyan jiragen kamun kifi su kan ja taru mai nauyi bisa ƙasa, ya kakkarye murjanin da taurarin kwando ke hawa, alhali waɗansu murjanin sai sun yi ɗaruruwan shekaru kafin su girma. Waɗansu kamfanoni kuma suna neman kwasar duwatsu masu ma'adini daga ƙasan tekun Pasifik, tsakanin Hawai da Meziko, inda masu gautsi ke cikin dabbobin da aka fi gani. Makiyayin da bai san yawan tumakinsa ba, ba zai san ranar da kura ta ɗauki ɗaya ba. Sai an san iri nawa ne, da inda kowanne ya ke, sa'an nan a san wuraren da ya kamata a bari kada a taɓa.

Tambayoyi

1. Garuruwa nawa ke cikin ƙasar masu ƙayar fata? A faɗi sunayensu.
2. Ta yaya a ke bambanta mai gautsi da tauraron teku mai kaurin hannu?
3. Me mai gautsi kan yi in kifi ya kama hannunsa?
4. Yaya tauraron kwando ke samun abincinsa?
5. A soma da 5, a riƙa ninkawa biyu. Sau nawa za a ninka kafin a kai 81,920?
6. Me ya sa aka ce rassa ba su ne shaidar 'yan unguwar kwando ba?